Fuska ta Huɗu

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

An sallamo Baba daga asibiti. Ni na ɗauko shi, wa ma zai ɗauko shi in ba ni ba? Ignazio ƙanena yana can Torino, gudummawarsa ita ce kiran waya da "Yaya, ki yi haƙuri."

Ɓarin dama ya shanye, hannun guduma ke nan. Bakin ma ya karkace. Na tsaya ina kallon bakin nan har ma'aikaciyar jinya ta turo mini kujera, ta zaci jiri ne ya kama ni. Ban gaya mata cewa ba jiri ba ne.

Babana, Mastru Corrado, wato gwani Corrado, masassaƙin dutsen da duk garin nan ke cire wa hula, yau ga shi a keken guragu ina goge masa yawu. Kalma ɗaya ce ta rage masa mai fita tsaf: "Yaushe?" Na san abin da yake tambaya. Shekara shida ke nan fuskar cocin waliyyi San Vito tana lulluɓe da tamfol da ƙarafunan hawa, shi kuma yana can sama hancinsa a jikin dutse, yana gyara abin da iska da ruwa suka cinye. Masassaƙi ba ya ganin aikinsa sai an sauke ƙarafa ya tsaya a ƙasa kamar kowa. Ranar idin waliyyin za a yaye tamfol ɗin, sha biyar ga Yuni. Na ce masa ban sani ba.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Ya ci. Ya sha magani. Ya ce yaushe sau tara.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Likita ya ce a riƙa fitar da shi shan iska, na tura shi dandali. Duwatsun titin nan ba a yi su don keke ba, kowane gargada sai kansa ya girgiza. Ban rage sauri ba.

Kawu Liborio mai shagon kofi, abokinsa tun suna yara, yana hango mu ya fito da tawul a kafaɗa.

"Kai, Corrado! Ashe ba ka mutu ba? Ni da har na goge takalmin jana'iza!"

Baba ya yi wani ƙara wanda ina jin dariya ce. Kawu ya juyo kaina.

"Venera 'yata, sannu da ɗawainiya. Kawo shi nan, wurinsa na nan ba wanda ya zauna."

Wurinsa teburi ne da ke fuskantar coci. Na ce rana ta yi yawa a nan, na ajiye shi yana kallon bangon kantin magani. Kawu ya ɗaga kai ya duba sama, ya dube ni, ya koma ciki ya kawo granita ta almon, niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai zaƙi, ya riƙa ba shi da cokali da hannunsa.

Ni kuwa na zauna a kujerar Baba na kalli dandali. Ko da tamfol, wurin nan ya isa. Matakala hamsin da biyu suna hawa suna buɗewa kamar an baza zani, gidajen gefe sun ɗan lanƙwaso don su kai ido wurin coci, ko kana so ko ba ka so. Da ƙarfe biyar dutsen yakan koma kalar zuma. Shi ya koya mini ganin wannan duka, kuma ina jin haushin cewa ba na iya daina gani. Ban sauka ƙarshen dandali ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan sujada

Mata sun tare ni a ƙofar gefe, kowacce da "Allah ya saka miki, 'ya ta gari." Na ce amin. Ɗaya daga cikinsu ajinmu ɗaya a firamare, na tuna muryarta sarai, ita ce dai ta manta.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Ignazio ya kira. Ya samo wa Baba gado a gidan tsofaffi na sistocin coci, can cikin duwatsu, tafiyar awa biyu. Likita ya gaya masa abin da ya gaya mini, cewa kada mu sa ran zai kai lokacin kaka.

"Sun so su ɗauke shi farkon wata, Yaya, na roƙe su su bari sai Litinin sha shida. Ya ga an yaye tamfol ɗin tukuna. Yamma ɗaya ce tak, ke dai ki kai shi gaba-gaba."

"Kai fa, ba za ka zo ba?"

"Wallahi aiki ya sha mini kai."

"Allah ya sauke maka."

"Haba Yaya, me kuma na yi?"

Bai yi komai ba. Shi namiji ne mai baki lafiyayye, tunda aka haife shi bai taɓa yin komai ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Na yi masa aski. Na yanke shi sau biyu. Na farkon kuskure ne.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Yau na sauka ƙarshen dandali, ba da son raina ba. Motar kaya ta tare hanyar sama, dole na bi da keken ta gaban gidan Baron, wato gidan tsohon basaraken garin, wanda ke kallon coci ido da ido.

Akwai baƙi 'yan yawon buɗe ido a wurin, kamar ashirin, da jagoransu mai ɗaga lema, duk sun ɗaga kai suna kallon ƙarƙashin baranda. Fuskoki bakwai na dutse ne ke ɗauke da barandar a kansu: mai busa sarewa, zaki, tsoho mai haƙori ɗaya, da sauransu. Jagoran yana nuna ta huɗu yana zuba ƙarya son ransa, wai wata baiwa ce shekara ɗari uku da suka wuce, ta yi gulmar uwargijiyarta sai Allah ya tsaga mata leɓe. Suka yi dariya, suka ɗaga wayoyi.

Wata farar tsohuwa mai hular kaba ta juyo don ta ba keke hanya. Ta dube ni. Ta koma ta dubi sama. Ta sake duba na. Sai ta sauke wayarta a hankali ta tura cikin jaka, fuskarta ta yi ja. Da ta yi dariya ma da ya fi mini sauƙi.

Shekarar dutsen nan arba'in da ɗaya, ba ɗari uku ba. Shekaruna sha ɗaya lokacin.

Baba yana ta ƙoƙarin ɗaga kai, wuyan ya ƙi. Na tura shi da ƙarfi muka wuce. Ban dafa abincin yamma ba, na ba shi burodi da madara.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

To, bari in rubuta, ai ba mai karantawa.

A garin nan idan fuskar ƙarƙashin baranda ta faɗo, masassaƙi ba ya ƙirƙiro wata daga kansa. Mai rai yake ɗauka daga cikin gari, haka kakanni suka yi tun da aka sake gina dandalin bayan babbar girgizar ƙasa. Mashayi ake ɗauka, ko marowaci, ko wani mai hanci kamar cokali, a yi dariya a wuce. Da ta huɗu ta faɗo, Baba bai je neman kowa ba, tunda yana da abin da yake so a gida.

Asabar uku ya ɗora ni a kan teburin aikinsa. Ya ba ni alewar almon. Ya riƙe haɓata yana juya ta wajen haske, babban yatsansa yana bin tsagar leɓena daga hanci zuwa ƙasa, a hankali, sau ba adadi. Kafin nan bai taɓa kallona ya daɗe ba. Na zaci mala'ika zai yi da ni. Har na gaya wa 'yan ajinmu.

Ranar da aka ɗora dutsen Mama ta yi kuka, shi kuwa ya yi mata bayani kamar mai koyar da ɗalibi: abin da zai zauna a sama sai an ƙara masa gishiri, in ba haka ba daga ƙasa ba za a ga komai ba. Shi ya sa ya faɗaɗa tsagar har yatsa biyu. Daga ranar ba a ƙara kirana Venera a titi ba sai Ta Huɗu. Har mai sayar da kifi.

Ya ci. Ya sha magani.

Lahadi, 1 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya masa samarin da suka gaje shi sun cire hannun babban mala'ikan da ya yi shekara guda yana sassaƙawa, sun sa na inji. Ƙarya ce, ba wanda ya taɓa. Ya yi ta bugun hannun keke da hagunsa har fatar ta saluɓe. Na wanke, na sa magani, na naɗe da kyau. Ban iya aikin banza ba, wannan ma a wurinsa na gado.

Laraba, 4 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe

Fada, limamin cocinmu, ya zo gida da kansa, ya sha kofi biyu. Yana so ranar idi a ɗaga Baba da kekensa a kai shi tsakiyar dandali, gaban 'yan kaɗe-kaɗe, a ba shi igiyar tamfol ya taɓa kafin a ja.

"Ai ranarsa ce, Venera. Waliyyi ma sai ya yi haƙuri ya raba da shi."

"Likita ya hana cinkoso, Fada. Ƙarar ganga kaɗai tana iya kai shi."

"Subhana! To ya za a yi?"

"Zan ajiye shi a inuwa can ƙarshen dandali. Daga nan ai an fi ganin komai."

Wannan gaskiya ce, daga gindin gidan Baron ake ganin cocin gaba ɗaya, tun daga matakala har giciye. Fada ya sa mini albarka. Baba yana jin mu, idonsa mai kyau yana bina duk inda na juya.

Asabar, 7 ga Yuni, ƙarfe bakwai na yamma

Kawu Liborio ya ja ni bayan kanta.

"Nera, ke fa ba yarinya ba ce. Kullum bango, kullum bango, kin ɗauka makafi ne mu?"

"Rana ce, Kawu."

"Ranar gidanku! Ni na riƙe ki ranar baftisma, kada ki raina mini hankali. Ya yi miki laifi, na gaya masa tun a lokacin, har muka yi wata uku ba ma gaisawa. Amma dubi abin da ya rage na mutumin."

"Wata uku. Sannu da ƙoƙari, Kawu. Ka sha wahala."

Ya ɗauki kofin da ya riga ya wanke ya sake wankewa. Na san shi ma yana nuna wa baƙi barandar in sun tambaya, na taɓa ganinsa.

Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Ya ɓata shimfiɗa. Ina wanke shi sai na ga yana kuka, ba ƙara, hawaye kawai suna bin karkataccen bakin. Bayansa duk tabo ne na tsakuwar da ta yi ta fallatsa masa shekara sittin, kafaɗun da nake tsoro sun zama kamar na kaza. Na ji tausayinsa, tausayi na gaske. Na ce, "Lahadi ne, Baba. Ƙarfe biyar. Kuma hannun mala'ikan naka ne, ba a taɓa shi ba."

Ya rufe ido. Na tsaya da tawul a hannu ina jiran ban san me ba. Sai ya fara minshari.

Laraba, 11 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Kalma ɗaya nake so. Tunda yana iya cewa yaushe, yana iya cewa wata.

Juma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

An fara kwance ƙarafa daga sama, tamfol kaɗai aka bari a rataye. An ja fitilu daga baranda zuwa baranda, masu gyaɗa da alewa sun kafa rumfuna. Na goge baƙar kwat ɗinsa, na ɗinke maɓallin da ya tsinke. Na yanke shawara: zan fara kai shi gaban fuskar, ya dube ta, ya dube ni. Minti ɗaya ya isa. In na ga kunya a idonsa, ko ƙanƙanuwa ce, sai in juya shi ya ga cocinsa. Ban nemi da yawa ba.

Asabar, 14 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Ya ci. Ya sha magani. Bai ce yaushe ba, ya sani.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe takwas na yamma

Zan rubuta yadda aka yi daki-daki.

Mun isa biyar saura kwata. Dandali ya cika maƙil, ba masaka tsinke, kowa ya juya wa gidan Baron baya yana kallon tamfol. Kawu yana can gaba cikin dattawan da za su ja igiya. Ba wanda ya kula da mu. Na kai keken gindin baranda, na juya shi baya ga coci, na taka birki. Na kwantar da jinginar keken don wuyansa ya samu kallon sama. Sannan na zagayo na tsaya a gabansa, daidai ƙarƙashinta.

Na ce, "Duba, Baba."

Aka buga ƙararrawa. Ganguna suka ɗauka. Na ga tamfol ɗin ya saki daga sama ya zube, na ji dandali gaba ɗaya ya ja numfashi lokaci guda, sannan tafi da ihu, "San Vito! San Vito!" Ban yarda na kalli cocin ba, shi nake kallo.

Bai ko yi yunƙurin waiwaya ba. Idonsa ya kafe a kan dutsen. Ya sauko da shi kan bakina. Ya mayar sama. Ya sake saukowa. Na san wannan kallon, na san shi tun ina kan teburi da alewa a hannu. Hagunsa ta ɗago daga cinya, babban yatsan yana motsi a iska daga sama zuwa ƙasa. Na sunkuya kusa da shi, Allah ya sani na sunkuya da zuciya ɗaya, na zaci fuskata yake son taɓawa.

Ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga. Murmushi ne. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai maganar ta fito ɗaya bayan ɗaya, cikakkiyar magana ta farko cikin sati biyar:

"Ban... kuskure... ko... kaɗan... ba."

Daɗi yake ji. Ban taɓa ganin daɗi irin wannan a fuskarsa ba, ko ranar da aka haifi Ignazio.

Daga baya ne ya tuna da cocin. Ya fara jan hannun keke, yana gurnani, yana karkata kai iyakar inda wuyan ya yarda, wanda bai kai ko kantin magani ba. Na zauna a dakalin gidan Baron na ɗora ƙafata a kan birki. Inuwar gidan ta tashi daga ƙafafunmu ta ratsa dandali, ta hau matakala. Na bar ta ta gama hawa. Da mutane suka bi mutum-mutumin waliyyi da aka ɗauko suka shiga lungu, na tura shi gida ta bayan kantin magani, fuskarsa tana gaba.

Kawu ya kira sau huɗu. Na cire wayar daga bango.

Litinin, 16 ga Yuni, ƙarfe sha biyu na rana

Motar sistoci ta zo ƙarfe goma. Direban mutumin kirki ne, mai furfura, ya ɗaure keken da kansa kusa da taga.

"Ashe wannan ne Mastru Corrado! Ranka ya daɗe, jiya matata har kuka ta yi. Uwar ɗaki, in bi da shi ta dandali mana? An buɗe hanya, zan tafi a hankali ya ƙara cika ido. Minti biyu ne."

Baba ya ji. Ya dube ni ta gilashi, bakinsa yana motsi, tafin hagunsa a manne da taga. Wannan karon ni yake kallo, ba leɓena ba.

Na ce, "Ya gani jiya, ya gaji. Bi ta hanyar kasuwa."

Direban ya ce to. Na tsaya a ƙofa har suka sha kwana.

Litinin ɗin dai, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Na je ni kaɗai. Kawu yana ganina ya shige ciki ya saki labule.

Na tsaya a tsakiyar dandali na ɗaga kai. Cikin ginin ya turo gaba kamar mai jan numfashi, ginshiƙai suna hawa uku-uku suna ƙanƙancewa har su kai ga ƙararrawa. Rigunan waliyyan nan sai ka rantse iska ce ke kaɗa su. Babban mala'ikan ya miƙo hannu ƙasa, yatsun a ɗan buɗe, daga nan ƙasa har jijiyar bayan hannun ana gani. Dutsen ya yi zuma, ya yi ja, sannan ya huce. Na yi kuka a tsaye a gaban masu kwance rumfuna, ban ko rufe bakina ba.

Na duba ko'ina, sama da ƙasa, ina neman wuri ɗaya da hannunsa ya goce. A can ma bai kuskure ba.